Kifin Sudaira a Ruwan Gubaira

Idan abu yana mutuwa, kuma ba ka da hanyar ceton sa sai ka gauraya shi da waninsa har ya daina zama shi, ka cece shi ke nan, ko kuwa ka taya mutuwa aikinta ne cikin ladabi? Na kai wa limaminmu wannan tambaya. Ya dube ni ya ce, "Zahir, a kan mutum kake magana ko a kan dabba?" Na ce a kan kifi. Ya ce to in bari sai bayan la'asar. Har yau la'asar ɗin ba ta yi ba.

Ni mai gyaran injin ban ruwa ne a Gubaira, ƙauyen da ke maƙale a ƙirjin dutse, sama da kowa a kwarinmu. Ban yi nisa a makaranta ba. Ɗan abin da na sani na tsince shi ne a littattafan da masu su suka gaji da su, da rediyo, da yawan zama ni kaɗai da inji a warware a gabana. Shi ya sa tambaya in ta kama ni ba ta sakina da wuri.

Wanda ya jawo mini wannan kuwa taubashina ne, Marhun, wakilin falaj ɗinmu, wato magudanar da ke ɗauko ruwa daga idon dutse zuwa gidaje da gonaki. Shi ke raba wa gonaki ruwa, shi ke riƙe da makullin ƙofar da ke bakin idon ruwa, kuma ko tsinke ba ya shiga can sai da yardarsa. Kowa Baban Hilal yake ce masa, ko da yake Hilal ya daɗe a maƙabarta. Marhun ya auri Galiya, 'yar ƙanen mahaifinsa, kamar yadda rabin ƙauyen suka yi. Allah ya ba su Hilal da Shamsa, ya kuma karɓe su tun ba su isa makaranta ba, da ciwon jinin nan da ake gado. Ba a maganar a gidansu. Sunan ne kawai ya rage ana kira.

A cikin falaj ɗin akwai 'yan kifayen da muke kira sadd, tsawon ɗan yatsa, masu launin tsakuwa. In ka tsoma ƙafa sai su taru suna tsattsagar kaushin dunduniyarka. Su ke cinye gansakuka, kuma tsofaffi sun ce muddin suna yawo, ruwan lafiya lau yake. Da can, in aka yi ambaliya, ruwanmu yakan haɗe da na Sudaira, ƙauyen da ke ƙasa, kifi ya hau ya sauka. Muna samari aka gina madatsa a tsakani, hanyar ta toshe. Bayan nan aka yi shekarar babban fari, falaj ya ƙafe har ana ganin laka tana tsagewa. Mahaifin Marhun ya bi kududdufin ƙarshe ya tsamo 'yan kifayen da ba su cika tafin hannu biyu ba, ya zuba su a tulu, yana rage musu daga ruwan shan gidansa har sama ta buɗe. Duk sadd ɗin da ke Gubaira yau jikokin na cikin tulun nan ne. Marhun ya ba ni labarin nan ya fi a ƙirga, kuma kullum kamar ban kasance a wurin ba. Tulun yana nan a ɗakinsa, ba a zuba masa komai.

Wata shekara bayan an gama barbarar dabino, Muzna ta zo daga Maskat, babban birni. 'Yar ƙanwar Marhun ce, kuma rabin ƙuruciyarta a tsakar gidansa ta yi shi, a cinyar Galiya. Ta yi karatun halittu har ana ce mata Dakta. Ta zo da koma ƙarama, da almakashi mai kama da na yankan farce, da kwalabe ƙanana cike da akwati. Ta ce tana bin kwaruruka ne tana auna yadda kifin kowane wuri ya yi nisa da na maƙwabcinsa, kuma tana son ɗan yanki daga wutsiyar namu.

"Wutsiya?" in ji Marhun. "Me suka yi miki?"

"Ɗan tsinin kawai, Kawu. Kamar yankan farce ne, zai sake tsirowa."

"In na kama ki na yanke miki kunne na ce zai tsiro fa?"

"Ai ka sha ja, bai cire ba."

Ya yi dariya ya buɗe mata ƙofar. Ni na riƙe bokiti, shi ya tsaya a kanta kamar mai gadin amarya. Tana yanka tana jefawa a kwalba tana sakin kifin, tana kuma yi mana bayani, don na matsa mata da tambaya.

"Baffa Zahir, kowace halitta tana ɗauke da wani rubutu a jikinta, rabi daga uwa, rabi daga uba. To a wasu wurare rubutun yana in'ina. Kamar mai son ya ce kaza, sai ya maƙale a ka-ka-ka-ka. Wani kifin a wannan wurin sau tara yake maimaitawa, wani sau goma sha biyu, wani sau ashirin. Kowane kifi yana da biyu, ta uwa da ta uba. Ni ƙirgawa nake yi, wuri bayan wuri, in ga ko in'inar kifin nan da ta kifin Sudaira iri ɗaya ce. In suna cuɗanya, za ta yi kama. In sun daɗe da rabuwa, za ta bambanta."

Marhun ya girgiza kai. "Duk karatun nan na Maskat, ashe in'inar kifi kika koyo. Da kin faɗa mini tun farko, da na haɗa ki da Zahir kyauta. Sai da ya yi gemu kafin ya iya faɗin sunansa a tashi ɗaya."

"Na dai iya," na ce. "Kai har yau ba ka iya yin shiru ba."

Akwai abin da na gani ranar wanda ya tsaya mini. Komar ta ɗauko wani kifi mai lanƙwasasshen baya, kamar lauje. Kafin Muzna ta miƙa hannu, Marhun ya cafke shi ya jefa bayan katanga, ya ce wannan ba ya cikin lissafi. Muzna ta ci gaba da yankanta. Daga yadda hannunsa ya yi saurin, na gane ba ranar ya fara ba.

Da zafi ya fara shigowa Muzna ta kira Marhun a waya. Muna zaune a sabla, zauren da maza ke taruwa shan gahawa, shi kuwa ba ya jin waya sai ya buɗe murya kowa ya ji. Ta ce sakamakon farko ya fito. Ta ce ma'aunin daga sifili yake tashi zuwa ɗaya: sifili na nufin kifi ɗaya ne a wuri biyu, ɗaya na nufin ba su haɗa komai ba. Tsakanin yawancin ƙauyuka lambar ba ta ko ɗaga kai daga sifili. Tsakanin Gubaira da Sudaira ta kusa sulusi.

"Ban taɓa ganin irin wannan tazara a cikin kwari ɗaya ba, Kawu. Amma ka bari in gama duba..."

Bai ji amma ɗin ba. Ya riga ya ɗaga wayar sama yana juyawa da ita kamar tuta.

"Asil!" ya ce. "Kun ji da kunnenku. Asil ne!"

Kalmar nan muna faɗin ta ga doki, da raƙuma, da dabinon da aka san uwarsa, da mutumin da za a iya jero kakanninsa ba a yi tuntuɓe ba. A wurinmu abin da ya bambanta da na kowa, bai gauraya ba, to ya fi na kowa ke nan. Ba Marhun kaɗai ya ji haka ba. Duk zauren haka muka ji, har da ni. Aka aika a sayo halwa, alewar da muke ci ranar murna.

Ranar Juma'a a kasuwar awaki ya yi kiciɓis da Humaid, wakilin falaj na Sudaira. Tun suna yara suke cacar baki, a kan ruwa, a kan tseren raƙuma, a kan wanda kakansa ya fara dasa lemun tsami a kwarin.

"Humaid! Labari ya sauko muku kuwa? An auna kifinmu da naku a Maskat. Namu 'ya'yan gidan sarauta ne. Naku tarkacen ambaliya."

Humaid bai ko saki haƙoran akuyar da yake dubawa ba. "Tarkacen ambaliyar dai ake ci da gurasa a ƙoshi. 'Ya'yan sarautarka ko kyanwa ta gan su sai ta ba su sadaka."

Mutane suka yi dariya, kowa ya ɗauki maganar ya kai gida.

Muzna ta dawo da kanta lokacin da dabino ya fara ja. Ta ce maganar ba ta waya ba ce, ta kuma roƙe ni in zo. Muka zauna a tsakar gidan Marhun, inda reshen falaj ke ratsawa ta gindin bango. Galiya ta kawo faranti cike da dabino iri-iri, ta zauna gefe da butar gahawa.

Muzna ta jawo kwano biyu. A na farko ta zuba halas, da fard, da hunaizi, da nagal, da wasu iri biyu ko uku. A na biyu ta sa fard da nagal kawai, amma da yawa.

"Wannan Sudaira," ta nuna na farko. "Wannan Gubaira. Kowane irin dabino wata in'ina ce. Kawu, kwanon nan biyu sun bambanta?"

"Makaho ma ya sani."

"To duba naku da kyau. Akwai wani iri a ciki da babu shi a nasu?"

Marhun ya duba. Ya daɗe yana dubawa, kamar wani sabon iri zai ɓullo daga ƙasan kwanon.

"Duk wuraren da na ƙirga haka na samu," ta ce a hankali. "Kifinmu ba su da wani abu nasu na kansu. Bambancin da lambar ta nuna, abin da suka rasa ne. Tulun Kaka bai iya ɗaukar komai da komai ba, abin da ya shiga shi ne ya fito. Madatsa kuma ta hana sauran dawowa. Lambar nan ba asali take aunawa ba, Kawu. Kaɗaici take aunawa."

"Kaɗaici," ya ce. "To sai me? Ni ma nan kaɗai nake a kan dutse, ban mutu ba."

"Su suna mutuwa. Masu lanƙwasasshen baya da kake jefarwa, ka fi ni sanin yawansu. 'Ya'yan bana ka ga nawa? In aka sake fari ko wata cuta ta shigo, tare za su tafi, don duk jiki ɗaya ne. Kowace halitta tana da wani lahani a ɓoye, ba ya fitowa muddin ta ɗaya ɓangaren an gaji lafiyayye. Amma in uwa da uba jini ɗaya ne, abin da ke ɓoye a wannan shi ke ɓoye a wancan, sai su haɗu a kan ɗa..."

Ta tsaya. Na ga lokacin da ta ji abin da bakinta ya faɗa. Galiya tana cikin zuba gahawa, ta ƙarasa zubawa, ta miƙa mini finjalin. Ba abin da ake ji sai ruwa a gindin bango.

"Kawu, mutane ba kifi ba ne," in ji Muzna. "Ba haka nake..."

"Ƙarasa. Me kike so a yi?"

Ta ce a ɗauko kifi kaɗan daga Sudaira, a tsare su a duba lafiyarsu, a sake su a idon ruwa. Ta ce hukuma ta yarda, saura mai makulli.

"In an yi haka, bayan shekaru kika dawo da almakashinki, lambar me za ta ce?"

"Za ta sauka."

"Har ina?"

"Kusa da sifili."

"Wato kifi ɗaya a wuri biyu. Wato babu kifin Gubaira."

"Akwai kifi a Gubaira, Kawu."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce gaskiya ko a cikin malamansu akwai masu cewa kada a taɓa gauraya irin wannan, a bar kowane ruwa da nasa. Ta ce ita dai abin da ta ƙirga ta faɗa, kuma da ta ga iri ɗaya tak da ke namu ne mu kaɗai, da ita ce za ta fara tsayawa a ƙofar ta hana.

Marhun ya tura kwanon Sudaira gefe da bayan hannu. "Muddin makullin nan yana wuyana, kifin Humaid ba zai sha ruwan ubana ba. Ki gaida mutanen Maskat."

Ta tafi da yamma, idonta ja. Galiya ta cika mata mota da dabino da lemun tsami kamar kullum.

Kwanakin da suka biyo baya na rasa inda zan tsaya. In ina kwance ƙarƙashin inji sai in ce yarinyar ce da gaskiya, rai ya fi suna. In na fito na wanke hannu a falaj, 'yan kifin suka taru a yatsuna, sai in ce to wane rai? Tsohon nan da ya hana 'ya'yansa ruwa ya ba kifi, waɗannan ya ceta, ba wasu ba. In kifi kawai ake so, da ya bari sun mutu ya saya a Sudaira bayan damina. Sai kuma wata zuciyar ta ce mini, ai shi bai zaɓa ba, abin da hannunsa ya kama ya zuba a tulu, kuma da hannun ya kama iri bakwai da ya fi murna. Haka nake ta juyawa kamar jakin rijiya.

Na sami Marhun wata safiya a bakin idon ruwa, ya naɗe zane zuwa gwiwa yana cire ciyawa. Na zauna a kan katanga. Ya ci gaba da aikinsa.

"Yarinyar da na goya," ya ce, bai juyo ba. "Ta zo gidana ta gaya mini ni na kashe 'ya'yana. Da dabino."

"Ba ta faɗi haka ba."

"Ba ta faɗa ba. Ƙirgawa ta yi." Ya jefar da ciyawar. "Likitan ma haka ya yi mana a lokacin, da alƙalami a bayan takarda. Na ce masa rai da ajali na Allah ne, na kama hannun Galiya muka fito. To yanzu in na buɗe ƙofar nan, Zahir, me na ce? Na ce likita ya yi gaskiya. Na ce da na auro bare, da Hilal yana nan da gemunsa. Na ce Galiya kuskure ce."

Na ce masa Allah ya sa mu dace. Ya ce in tashi daga kan katangar kafin in rusa ta.

Ana tsakiyar yankan dabino na je gyara musu injin da ke ɗaga ruwa zuwa tankin soro, Galiya ta ce ba zan tafi ban ci abinci ba. Mun gama cin shinkafa da busasshen kifin teku, muna jiran gahawa, sai ta fito da kwanon sha ta ajiye a gaban mijinta. Ruwa ne a ciki, da ɗan sadd guda ɗaya, bayansa a lanƙwashe. Yana da rai. Yana ta ƙoƙarin ya miƙe ya yi gaba, jikin yana juyar da shi, sai zagaye yake yi a wuri ɗaya.

"A wurin wankinmu na mata na same shi," ta ce. "Can ba ka shiga, balle ka jefar."

"Ɗauke wannan, Galiya. Muna da baƙo."

"Zahir ne baƙo? Wanda ya ci tuwon sunan Hilal har ya yi amai?" Ta zauna, abin da ba ta cika yi ba in muna ci. "Baban Hilal, tun ranar da yarinyar nan ta tafi kake kallona kamar wanda ya taka mini ƙafa yana jiran in yi kuka. Ni ban ji an ce laifinmu ba ne. Kai kaɗai ka ji. Wa ya sani a lokacin? Ubana bai sani ba, ubanka bai sani ba. Kuma ko an dawo da ni ranar, kai ɗin dai zan aura, da surutunka da komai."

Marhun yana kallon kwanon.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar da likitan nan ya gama zane-zanensa, na tambaye shi magani, ya ce babu. Kana tsaye. Da ya ce mana akwai, yana Sudaira, ku ɗauki tulu ku je ku roƙi Humaid, da ka tsaya tambayar lamba?"

Ya tashi ya sa takalmi ya fita, ya bar gahawar. Galiya ta ɗauki kwanon ta juye ɗan kifin a reshen falaj, ruwa ya tafi da shi yana juyi.

"Sha gahawarka, Zahir," ta ce. "Zai dawo. Bai ɗauki sandarsa ba."

Na zaci washegari zan gan shi. Ban gan shi ba. Aka gama yankan dabino, aka shanya, aka dafa na dafawa, bai ce komai ba, ni ma ban tayar ba. Sai da iska ta fara sanyi, wata safiya ina buɗe shago, na gan shi tsaye da sabuwar riga da rawani, ya rungume tulun ubansa a ƙirji.

"Akwalar motar nan taka tana tashi yau, ko sai an yi mata addu'a?"

Ban tambaye shi ina za mu ba.

Humaid ya karɓe mu a sablarsu, da dattawan Sudaira huɗu ko biyar. Ya ga tulun, ya yi kamar bai gani ba. Aka yi gaisuwa yadda ake yi.

"Babu labari?"

"Babu, sai alheri," in ji Marhun.

"Babu wani abin sani?"

"Babu. Daga wajenku fa?"

"Lafiya lau."

Aka kawo dabino, aka zaga da gahawa, Marhun ya sha uku ya girgiza finjali, alamar ya isa. Sannan ya gyara zama, ya sa hannu a bakin tulun.

"Humaid, neman aure na zo."

"A wannan shekarun? Galiya ta sani?"

"Ita ta aiko ni. Ba wa kaina ba. 'Ya'yana na cikin ruwa nake nema wa, maza da mata."

Dattawan suka dubi juna. Humaid ya shafa gemu, na ga dariya tana yi masa yawo a kumatu.

"Ikon Allah. Tarkacen ambaliya a gidan sarauta? Ba za a raina mana su ba?"

"Gidan sarautar ya kusa zama kango."

Yadda ya faɗe ta, ba wanda ya yi dariya. Humaid ya daɗe yana kallonsa. Shi ma ya je jana'izar Hilal, ya je ta Shamsa.

"Sadakinsu," ya ce, "ka tsaya a kasuwar awaki ranar Juma'a ka maimaita maganarka a juye."

"Na yarda."

"Kai, tafi can. Wa ke son jin muryarka sau biyu? Na yafe. Ku tashi mu je ruwa tun rana ba ta yi ba."

Muzna ta zo washegari, don na kira ta tun muna hanya. Da ta shigo gidan ta durƙusa za ta yi magana, Marhun ya ce ta tashi, likitar kifi ba ta durƙuso, ta je ta duba surukansa ko suna da ƙwarƙwata. Ta tsare kifin Sudaira a manyan bahuna a bayan shagona na 'yan makonni, tana dubawa, ta yanki wutsiyar kowanne ta adana. Ta gaya mini yankakkun wutsiyoyin farko suna nan a cikin ƙanƙara a Maskat, in'inar Gubaira yadda take kafin a taɓa ta. Na tambaye ta ko wannan ya isa a ce ba ta ɓata ba. Ta ce, "Baffa, ni ƙirgawa na iya." Na ji daɗin amsar, ko da yake ba ta kai ni ko'ina ba.

Ranar sakin, ba a yi shela ba. Mu huɗu ne: Marhun, da Muzna, da ni, da Galiya, wadda rabonta da bakin idon ruwa tun tana budurwa. Muzna ta zo da jakunkunan roba na musamman, Marhun ya ce a mayar da su mota, a tulu za su shiga. Ya ciro makullin daga wuyansa ya buɗe ƙofar.

"Kawu, kawo in zuba. Ba sai ka..."

"Matsa."

Ya naɗe riga ya shiga ruwan har gwiwa. Ta ce kada ya juye nan take, ya riƙe tulun a cikin ruwa tukuna har sanyin ciki da na waje su daidaita. Ya riƙe. 'Yan kifin Gubaira suka taso daga ƙarƙashin duwatsu suka kewaye ƙafafunsa suna tsattsaga, kamar yadda suka saba. Ya tsaya a sunkuye yana kallonsu, leɓɓansa suna motsi, ban ji abin da yake cewa ba.

"Ya isa, Kawu," in ji Muzna.

Bai motsa ba.

"Baban Hilal," in ji Galiya, "bayanka zai riƙe."

Ya yi bisimilla, ya karkata bakin tulun ubansa a hankali har ruwan ciki ya haɗu da na waje, ya bar su suka fita da kansu.